Jami'a Ta Zo Ƙofar Gida, Aikin Fa? Neman Gurbi Daga Babban Mutum Zuwa Daura

Aikin jami'a ya zama abin da masu takarda suka fi kwaɗayi a ƙasar Daura cikin 'yan shekarun nan, kuma ba sai an shiga birnin Daura ake gane haka ba. A Babban Mutum, garin bakin iyaka da ke ƙaramar hukumar Baure, da zarar hoton wata sanarwa mai tambarin jami'a ya faɗo zaurukan WhatsApp, kafin la'asar masu shagon kwamfuta sun san da zancen.

Matasa ne ke zuwa da fayil ɗin roba a hammata. Abin da ke ciki kusan iri ɗaya ne: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri ko difloma, shaidar bautar ƙasa, takardar ɗan ƙasa mai hatimin ƙaramar hukuma, da takardar rantsuwar shekarun haihuwa daga kotu. Mai shago ya ɗauki hoton kowace, ya rage mata nauyi don shafin intanet ya karɓa, sannan a zauna jiran sabis, a garin da waya kan kuɓuce ta kama layin Nijar. Wani lokaci sanarwar ta gaskiya ce. Sau da yawa kuwa ta bogi ce, ko tsohuwa ce aka sake yaɗawa.

Tambayoyin da ake yi wa juna a bakin shagon ba su wuce biyu: da gaske ana ɗauka? Wa ka sani a ciki? Amsarsu tana cikin tarihin makarantun da suka kewaye yankin, da tsarin aikin jami'a kansa, da kuma ratar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ake yi.

Daga babu zuwa kewaye

Kafin 2005 babu jami'a ko ɗaya a jihar Katsina. Ɗan Baure ko Zango da ya yi sha'awar koyarwa a jami'a sai ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa tun 1962, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma galibi can yake zama har ya yi ritaya.

A 2005 Jami'ar Musulunci ta Katsina, wadda yanzu ake kira Al-Qalam, ta samu lasisi. A 2006 Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, yana gwamna, ya kafa jami'ar jiha, daga baya aka sa mata sunansa. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe sababbin jami'o'in tarayya a jihohin da ba su da su, Katsina ta samu tata a Dutsin-Ma, Jigawa kuma a Dutse.

Rabon masarautar Daura, mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, ya zo ne a zamanin mulkin Muhammadu Buhari. Da can Kwalejin Yusufu Bala Usman, mallakar jiha, ita ce babbar makarantar gaba da sakandare da ake nunawa. A 2019 aka kafa Foliteknik ta Tarayya a Daura. A watan Disambar shekarar Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, lokacin Rotimi Amaechi na ministan sufuri. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya gina layin dogo na Legas zuwa Ibadan, shi ya ɗauki nauyin ginin a kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan 50. An sa hannu a dokar kafa ta a 2023, aka naɗa Farfesa Umar Adam Katsayal shugabanta na farko, ta fara da ɗalibai 'yan ɗaruruwa.

Akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021. Ga mutumin Babban Mutum ita ce ta kusa, domin titin da ya taso daga Kano ta Kunya da Kanya sai ya ratsa Babura kafin ya iso garin. Sai dai Babura Jigawa ce, kuma a harkar ɗaukar aiki a Najeriya sunan jihar da ke jikin takardar ɗan ƙasa ya fi tazarar hanya nauyi.

Me ya jawo rububin

Noman damina, kiwo da fataucin kan iyaka su ne ƙashin bayan Babban Mutum da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi ake nomawa, idan kaka ta wuce matasa da yawa su tafi ci-rani. Fataucin kuwa ya sha duka sau biyu cikin shekara biyar. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka haɗa da hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A tsakani kuma aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci suka ninka.

Wanda ya ga sana'ar mahaifinsa ta tsaya cak saboda umarni ɗaya daga Abuja, ba abin mamaki ba ne ya yi marmarin albashin da ke shigowa ƙarshen wata. Cikin ayyukan albashin kuma na jami'a ya fi na ƙaramar hukuma ko koyarwar firamare ta fuskoki da dama. Galibin ma'aikatan gwamnati suna ritaya suna da shekara 60, ko bayan shekara 35 suna aiki. Ma'aikacin jami'a kuwa yana kai 65, farfesa 70, bisa dokar da aka yi a 2012. Ga damar ƙaro karatu da kuɗin hukuma, ga asibitin ma'aikata, ga martabar a ce wane ai a jami'a yake aiki, wadda kan yi tasiri har a wurin neman aure.

Su kansu masu digirin sun yi yawa fiye da da. Makarantun da aka lissafa suna yaye dubbai kowace shekara, alhali babu wata babbar masana'anta a yankin da za ta kwashe su. Jami'ar da ta yaye mutum, ita yake fara komawa neman aiki.

Tsanin malanta

Ma'aikatan jami'a kashi biyu ne, masu koyarwa da waɗanda ba sa koyarwa, kowanne da tsarin albashinsa. Na malamai shi ake kira CONUASS, mai hawa bakwai, na sauran ma'aikata kuma CONTISS, mai hawa 15.

Hawan farko a malanta shi ne na mai digiri ɗaya da aka riƙe a sashe don a rene shi, wanda a harabar jami'a ake kira GA. Ba kowane digiri ake ɗauka ba, sai fas-kilas ko tu-wan, kuma bisa al'ada sashe kan fara duba ɗalibinsa da ya fi kowa ƙoƙari. Aikinsa taimaka wa manya da gudanar da darussan bita da duba takardu, tare da sharaɗin ya kammala digiri na biyu cikin wa'adin da aka ɗibar masa, in ya gaza a sallame shi.

Mai digiri na biyu yana shiga ne a matsayin mataimakin lakcara. Mai digiri na uku, wato digirin digirgir, yana fara wa daga lakcara mai daraja ta biyu. Daga nan sai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. Tsakanin kowane hawa da na gaba akwai aƙalla shekara uku a yawancin jami'o'i, amma cikar shekarun kaɗai ba ta ɗaga mutum. Ana ƙirga maƙalun da ya wallafa a mujallun ilimi, da takardun da ya gabatar a taruka, da ɗaliban da ya duba wa kundin bincike, da ɗawainiyar da ya yi wa sashe. Babu mai zama babban lakcara ba tare da digiri na uku ba a yawancin fannoni. Idan aka zo hawa biyu na ƙarshe kuwa, sai a tattara rubuce-rubucen mutum a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna a asirce, kuma ana iya shekara ko fiye ana jiran amsarsu.

Ke nan wanda ya shiga yana ɗan shekara 26, in komai ya tafi daidai, ba yajin aiki ba tsaiko, zai kai kujerar farfesa ne bayan kusan shekara 20. Wannan lissafin ne masu cike fom da yawa ba sa yi. Suna ganin malanta aikin shiga aji ne a fito, alhali rabinta zaman karatu ne da rubutu da kashe kuɗin aljihu wurin wallafa.

Abin da ke sauƙaƙa hawan shi ne asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011 a kan harsashin harajin ilimi na 1993. Yana karɓar wani ɗan kaso daga ribar kamfanoni, yana gina azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, yana kuma biya wa malamai kuɗin digiri na biyu da na uku. Malamai da yawa daga jami'o'in Katsina ta wannan hanyar suka je Malesiya da Ingila da Indiya. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura malamai ƙasashen waje, saboda tsadar dala da kuma waɗanda aka tura suka ƙi dawowa. Yanzu a cikin gida ake yin karatun. Malamin jami'a mai zaman kanta kuwa ba ya cikin wannan rabo gaba ɗaya.

Waɗanda ba sa riƙe alli

Mafi yawan guraben jami'a ba na koyarwa ba ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya samu malamai kimanin dubu 37, ma'aikatan da ba sa koyarwa kuma sama da dubu 77, wato ninki biyu.

Ofishin magatakarda shi ke riƙe da fayil ɗin kowane ɗalibi da ma'aikaci, shi ke rubuta bayanan tarukan majalisun jami'a, kuma mai digiri a kowane fanni yana iya shiga a matsayin ƙaramin jami'in mulki ya hau har mataimakin magatakarda. Ofishin ma'aji na akantoci ne, a nan kuma takardar ICAN ko ANAN ce ke buɗe hawan sama. Ma'aikatan laburare masu digiri a fannin ana lissafa su cikin malamai, su ma sai sun yi rubutu ake ƙara musu girma. Sai sashen ayyuka mai injiniyoyi da masu gyaran wuta da famfo, da asibitin jami'a mai likitoci da nas-nas da masu haɗa magani, da cibiyar kwamfuta, da ofishin harkokin ɗalibai, da direbobi.

Akwai rukunin da ba a cika tunawa da shi ba, kuma a jami'ar sufuri ko ta fasaha shi ne ginshiƙi: masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje da bita-bita na injuna. Mai babbar difloma daga foliteknik, irin ta Daura ko Hussaini Adamu ta Kazaure ko Hassan Usman ta Katsina, nan ne gurbinsa. Ɗalibin injiniya ba zai taɓa injin yankan ƙarfe ko na'urar gwajin kankare ba sai da irin wannan ma'aikaci a kansa, kuma masu neman wannan gurbi ba su kai masu neman kujerar ofis yawa ba.

Manyan kujeru huɗu, shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji da shugaban laburare, wa'adin shekara biyar gare su, kuma su kam dole a tallata su a jarida, majalisar gudanarwa ta yi tantancewa. Su ne guraben jami'a da aka fi ganin tallarsu a fili.

Ƙananan ayyuka kuwa, shara da yankan ciyawa da gadi da aike, waɗanda da can su ne rabon mutanen garin da makaranta ta sauka, tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka miƙa yawancinsu ga 'yan kwangila. Mai shara a jami'a yau sau da yawa ma'aikacin kamfani ne. Ba shi da fansho, ba shi da ƙarin girma, kuma abin da ke zuwa hannunsa kan gaza mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024.

Abin da doka ta ce, da abin da ake yi

Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda wani yanki ba zai mamaye ba. Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa a 1996, ita ke sa ido. Ƙa'idarta ita ce a tallata gurbi a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba da mako shida, a tantance, a yi intabiyu da wakilinta a zaune, sannan ta ba da takardar shaida. A manyan muƙamai kowace jiha na da ɗan kasonta. A ƙananan ma'aikata ne aka ce kashi 75 cikin 100 su fito daga yankin da hukumar ke zaune.

A nan gizo ke saƙar. Jami'ar tarayya da ke Daura, a idon doka, ta ɗan Bayelsa ce kamar yadda take ta ɗan Baure. Kason da doka ta keɓe wa 'yan gida kuwa yana kan ayyukan da aka riga aka ba 'yan kwangila.

Sannan ita tallar ba kullum ake yin ta ba. Daga 2020 gwamnati ta sa takunkumi a kan ɗaukar ma'aikata sai da izini na musamman. A lokacin, shugaban jami'ar da ke neman malamin lissafi ɗaya sai ya bi ofishin shugaban ma'aikata, da ofishin kasafi, da Hukumar Raba Daidai, da ofishin babban akanta don a saka sunan a tsarin biyan albashi na IPPIS. Kowace ƙofa aka ƙwanƙwasa a Abuja, shugabannin jami'o'i sun sha kukan cewa akan fito musu da jerin sunaye. Da haka aka saba da abin da ake kira cike gurbi: wani ya rasu ko ya yi ritaya ko ya bar aiki, a maye gurbinsa a shiru, ba talla ba jarrabawa. Mutanen gari ba sa jin labari sai sun ga sababbin fuskoki sun zo kama aiki.

A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken cuwa-cuwar ɗaukar aiki a hukumomin tarayya. A zaman kwamitin an ji yadda hukumomi ke neman izinin ɗauka ba tare da talla ba, an kuma ji shaidun da suka ce sun biya naira miliyan ɗaya ko fiye don a ba su takardar kama aiki. Abin da ake raɗe-raɗinsa a majalisun hira ya fito a bainar jama'a.

A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta cire jami'o'i da foliteknik da kwalejojin ilimi daga IPPIS, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya kuma ce an sauke wa shugabanninsu nauyin zuwa neman izinin shugaban ma'aikata. Wannan ya mayar da iko hannun majalisun gudanarwa. Ya kuma mayar musu da alhakin, domin yanzu ba kowane laifi za a jingina wa Abuja ba.

Rashin talla a fili shi ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Sukan buɗe shafi mai kama da na jami'a, su nemi kuɗin fom, ko su kira mutum su ce sunansa ya fito, ya tura kuɗin tantancewa zuwa wani asusun banki mai sunan mutum. Jami'o'in Arewa da dama sun sha fitar da sanarwar nesanta kansu da irin wannan. Jami'ar gwamnati ba ta sayar da fom ɗin neman aiki, kuma adireshin shafinta na gaskiya da edu.ng yake ƙarewa.

Ga gurbi, babu mai cikewa

Yayin da dubbai ke rububin kujerun ofis, akwai guraben da jami'o'in ke nema ido rufe. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ba ta amincewa da kwas sai ta ga malamai daidai da ƙa'ida: malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniya, ɗaya ga 10 a likitanci. Tana kuma son kusan kashi ɗaya cikin biyar na malaman sashe su zama farfesoshi da mataimakansu. Rahoton kwamitin Mahmood Yakubu na 2012 ya nuna masu digiri na uku ba su kai rabin malaman ƙasar ba, kuma tun daga lokacin jami'o'i sun ƙaru har sun haura 300.

Sabuwar jami'a ta fi kowa jin wannan. Ana iya gama gini cikin shekara uku, farfesa kuwa sai an rene shi shekara 20. Jami'ar da ke koyar da injiniyan layin dogo, da sarrafa tashoshin jiragen ruwa da na tudu, da harkar jiragen sama, tana neman ƙwararrun da a duk Najeriya 'yan ƙalilan ne. Waɗanda ake da su suna Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, ko Kwalejin Tuƙin Jirgin Sama da ke can, ko cikin matasan da CCECC ya kai Sin karatun layin dogo. Shi ya sa sababbin jami'o'i ke dogara da malaman aro, masu zuwa biziting daga Kano da Zariya da Katsina, su yi kwana biyu su haɗa darussan mako uku su koma, da kuma masu hutun shekara na bincike. Ɗalibai ne ke biyan farashin wannan tsari.

Albashi ma ya daina riƙe mutane. Lokacin yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, dala tana kusan naira 150, albashin babban farfesa ya haura dala dubu biyu a wata. Aka shafe fiye da shekara goma albashin yana ƙasa da rabin miliyan, har dala ta kai wajen naira 1,500. An yi ƙare-ƙare daga 2023, amma ba su mayar da darajar da ba. Ga yajin aikin kusan wata tara a 2020, da na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktobar 2022, wanda aka riƙe albashin malamai a cikinsa. Masu fannin likitanci da kwamfuta da injiniya, waɗanda aka fi buƙata, su ne kuma suka fi samun hanyar Saudiyya da Ingila da Kanada.

Kowa da inda yake kallo

Mutanen masarautar suna ganin gonakinsu aka karɓa aka gina makarantun, don haka bai kamata a bar su da gadi da shara ba. A cikin masarautar ma akwai nata ƙorafin: 'yan Baure da Zango na ganin duk abin da ya zo da sunan Daura a birni yake tsayawa, domin can masu faɗa a ji suke, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Hukumomin jami'o'i kan ce hannunsu a ɗaure yake. Ga dokar raba daidai, ga kasafin da ba ya isa, ga wasiƙun 'yan siyasa da masu sarauta, kowa da nasa ɗan. Sukan ƙara da cewa idan aka tallata gurbin malamin injiniya, masu nema daga ƙananan hukumomin karkara ba su taka kara sun karya ba.

ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana sukar yawan buɗe jami'o'i ba tare da kuɗin riƙe su ba, tana cewa an mai da su tamkar ayyukan mazaɓa. Ƙungiyoyin sauran ma'aikata, SSANU da NASU da NAAT, nasu kukan shi ne ana fifita malamai a rabon alawus, kuma kwangila ta cinye guraben mambobinsu.

Gwamnatin tarayya ta karkata ga ra'ayin cewa abin ya yi yawa. A Agustan 2025 ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai. Ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da misalin wata jami'a a Arewa mai ma'aikata kimanin 1,200 da ɗaliban da ba su kai 800 ba, ya kuma ce jami'o'i da dama ba su samu ko masu nema 100 ta JAMB ba.

Duka ɓangarorin suna da gaskiya, amma ba daidai take da nauyi ba. Hujjar cewa babu ƙwararru a karkara ba ta tsayuwa sai an tallata gurbin a fili, an yi jarrabawa, an manna sakamako. Gwamnatin Katsina ta Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malaman makaranta sama da dubu bakwai a 2023 ta hanyar jarrabawa, abin da ya nuna ana iya yi idan an so. Haka kuma jami'ar da aka mayar wurin raba aiki don a faranta wa gari, ƙarshenta albashi ya cinye kuɗin kayan aiki, ta yaye ɗaliban da ba wanda zai ɗauka.

Mata, da maƙwabtan tsallake

Mata masu digiri daga yankin suna ƙaruwa, kuma aikin jami'a na daga cikin waɗanda iyaye da mazaje suka fi yarda da su. Cikas ɗinsu tazara ce. Matar aure a Babban Mutum ba za ta iya jigilar zuwa Daura kullum ba a tsadar mota ta yanzu, gidajen ma'aikata kuma ba su wadata ba, sannan shekarun da ake so ta yi digiri na biyu da na uku su ne shekarun goyo.

A tsallaken iyaka akwai Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu wajen 2010. Harshen gida ɗaya ne, dangi ɗaya, amma can da Faransanci ake koyarwa, kuma ƙarin girman malamai yana bi ta hukumar CAMES ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. Saboda haka musayar malamai tsakanin ɓangarorin biyu ba ta wuce ta fannonin harsuna da 'yan taruka ba, duk da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 280, da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa ta Daura, kuma zai buƙaci ma'aikata a ƙasashen biyu.

Aikin da ke bayan katanga

Jami'a tana samar da abin yi ga waɗanda ba su taɓa karɓar takardar kama aiki ba. Duk inda ɗalibai suka taru akwai gidajen haya, masu abinci, masu hoton takardu da buga kundi, 'yan acaɓa da masu Keke Napep, masu POS, masu wanki da guga, masu kai ruwa. Wanda ya san Samaru ta Zariya ko unguwannin da ke kewaye da Bayero ya san cewa waɗanda ke ci daga jikin jami'a a waje sun fi na cikin rajistar albashi yawa. Sai dai wannan arziki yana bin yawan ɗalibai ne. Makarantar da ke da 'yan ɗaruruwa ba ta raya kasuwa, yajin aiki ɗaya kuma yana iya durƙusar da mai gidan haya da mai tuwo a lokaci guda.

Ga garuruwa irin Babban Mutum, gurbin jami'a tun daga sakandare ake rasa shi ko a same shi. Yaron da bai samu malamin fizis da lissafi ba a aji huɗu, ba zai karanta injiniya ba, balle ya fita da tu-wan a riƙe shi a sashe. Ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan majalisar yankin da ke kai sunaye ofishin shugaban jami'a, da sun haɗa da ɗaukar nauyin digiri na biyu na yara biyar masu ƙoƙari kowace shekara, tare da matsa lamba a riƙa tallata kowane gurbi a jarida da rediyo, da sun fi cin riba. Dakatarwar da aka yi a 2025 ba za ta ƙare ba sai 2032, don haka duk gurbin da zai fito a shekarun nan, daga makarantun da ake da su a Daura da Babura da Katsina da Dutsin-Ma zai fito.